Wuta, ruwa, takarda da leda: yadda ma'aikacin jami'a zai rage ɓarna a wajen aikinsa

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a wuni, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, maganar kula da muhalli a jami'o'inmu ta daina zama hirar masu zuwa taro ƙasar waje, ta dawo teburin basa, mai kula da kuɗin jami'a, da rajistara. An ɗan sassauta daga baya ya koma ɗari biyu da 'yan kai, amma jami'a ai gari ce guda, ga hostal ga lab ga asibiti ga gidajen ma'aikata ga injinan bohol da ke aiki dare da rana, sannan ga dizal ya yi tashin gwauron zabi. Duk nairar da ta tafi a esin da aka bari a kunne a ofis babu kowa, ita ce nairar da za a ce maka babu ranar da ka nemi a gyara fankar ajinka.

Wannan jagorar ta ƙaramin ma'aikaci ce da matsakaici, malami ne kai ko sakatariya ce ke, ko mai kula da lab, ko masinja. Ba sai ka jira shugaban jami'a ya kafa kwamiti ba. Kuma don Allah kar a fara da buga bana da riguna da wokshop, mun sha ganin wannan, a ci shinkafa a robar tekawe a watsar da robobin a bakin hol a tafi.

Mataki na farko: zagaya ka ƙirga

Kafin ka ce wa kowa komai, ɗauki takarda da biro ka zagaya sashenku sau biyu, sau ɗaya da tsakar rana ana tsaka da aiki, sau ɗaya kuma bayan an tashi, kamar ƙarfe biyar. Rubuta esi nawa ne, fanka nawa, ƙwan fitila nawa kuma wane iri, firij nawa, ketil da hita nawa, famfo nawa ke ɗiga, sannan a zagayen yamma ka rubuta waɗanne aka bari a kunne. A jikin kowace na'ura akwai ɗan tambari da aka rubuta wat nawa take ja. Lissafin ba wuya: wat dubu ɗaya in ya yi awa ɗaya yana aiki, yunit ɗaya kenan. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,100, to a awa 8 ya kusa shan yunit 9, wato kusan naira dubu biyu a wuni a farashin Band A. In kuwa aka manta shi ranar Juma'a aka tafi masallaci ba a dawo ba sai Litinin da safe, sama da awa 60 kenan, in akwai wuta a tsaye zai iya lashe yunit 70, kusan naira dubu goma sha biyar a ofis ɗaya tal, yana sanyaya kujeru da fayil.

In gininku yana da mitarsa daban, ɗauki hoton lambar duk safiyar Litinin da yammacin Juma'a, bambancin Juma'a zuwa Litinin shi zai nuna maka abin da ake sha babu kowa a ginin. In babu mita, rubuta wannan ma a takardarka, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: nemi mutanen da mukullai ke hannunsu

Nan yawancin masu kyakkyawar niyya ke kuskurewa, sai su tara daktoci da furofesoshi a buɗe guruf a WhatsApp ana tura hotunan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Wadda ta san famfon da ke zuba tun bara ita ce Baba mai shara, wanda ya san ofishin da fitilarsa ke kwana a kunne shi ne mai gadi, wanda ke kulle aji a ƙarshe masinja ne. Su za ka fara zama da su, cikin mutunci, ka ce Baba ina neman shawararki ne, ba wai ka zo da takarda kana ba da oda ba, su ma sun gaji da masu ba da oda. Mutum huɗu ko biyar sun isa: kai, sakatare ko sakatariyar sashe, mai lab ɗaya, masinja ko kilina, da wakilin ɗalibai ɗaya.

Sai ka samu shugaban sashe shi kaɗai kafin mitin, ka nuna masa lissafin da ka yi, ka roƙi a ba ka minti biyar a mitin ɗin sashe na gaba. Dalilin shi ne maganar ta shiga minit, wato rubutaccen bayanin mitin. A jami'a abin da bai shiga minit ba kamar ba a yi shi ba ne, gobe in an canza shugaba ba ka da abin nunawa.

Mataki na uku: wuta

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A sa doka ɗaya mai sauƙi, wanda ya fita a ƙarshe shi ke kashewa, kuma a rubuta sunan wanda zai zagaya duk yamma, ba "kowa da kowa" ba, don aikin kowa ba mai yinsa. A manyan azuzuwa a liƙa wa makunnai alama, wannan na fitilun gaba ne wannan na baya wannan na fanka, saboda sau tari ɗalibi yana danna su duka ne don bai san wanne ne wanne ba.

Esi shi ne babban ɓarawon. A daina sa shi a digiri 16, ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, kwamfiresa kawai yake hanawa hutu. A bar shi a 24 ko 25 a haɗa da fanka, wallahi za ka ji sanyin ya ishe ka. Ƙasar Indiya ma tun shekarar 2020 ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fito da sababbin esi a saite a kan 24, su ma zafin nan suke sha irin namu. A rufe ƙofa da taga, a sa labule a tagar da rana ke duka da yamma, sannan a riƙa cire ragar nan ta gaba ana wankewa, musamman da hunturu da ƙura ke toshe ta cikin 'yan makonni, wannan ko kai za ka iya, ba sai an rubuta wa sashen ayyuka ba. Daga Disamba zuwa Janairu kuwa gaskiya yawancin ofisoshinmu ba sa bukatar esi sam, sabo ne kawai.

Fitilu: doguwar fitilar nan ta da tana jan wat 36, ta LED mai haske kamarta wat 18. Ƙwai mai wat 60 kuma ana maye shi da na wat 9. A hol mai dogayen fitilu 40 in an canza su duka an rage wat 720, a awa 10 sama da yunit 7 kenan kullum. Ban ce a ciccire masu aiki a zubar ba, a dai yi ƙa'ida duk wadda ta mutu da LED za a maye ta, kuma a sayi mai kyau, don akwai na banza a kasuwa da ba sa rufa wata uku. Dogayen da aka cire kar a farfasa su, akwai sinadarin makuri a ciki mai cutarwa, a tara su a kwali.

Kwamfuta a kashe ta har soket in an tashi, firinta da injin fotokwafi ma haka. Firij biyar a sashe ɗaya, kowanne da gorar ruwa biyu a ciki, a haɗe su a ɗaya ko biyu mana. Na lab da ke ajiye samfur ko magani kam ba a taɓa shi, a ma liƙa masa takarda babba kar wani mai zumuɗi ya kashe.

Sai sola. A watan Satumban 2019 aka ƙaddamar da tashar wuta mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta haɗa sola da batir da janareto, ƙarƙashin shirin samar wa jami'o'i wuta na hukumar samar da wuta a karkara, REA, kuma wasu jami'o'in tarayya sun samu nasu a shirin. Irin wannan aikin manya ne. Naka shi ne ɗan solan da ke kan rufin sashenku ko fitilun kan titi, waɗanda galibi ƙura da rashin kula ke kashewa. A wanke farantan solan da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lokacin da ba su ɗau zafi ba, da hunturu ko duk sati ne bai yi yawa ba. Batir mai ruwa a riƙa duba ruwansa ana ƙara tataccen ruwan batir, kar a riƙa tatse shi ƙasa da rabi, kuma a hana jona ketil da hita da dutsen guga a layin inbata, a ma canza wa soket ɗin inbata launi kowa ya gane shi.

Mataki na huɗu: ruwa

A jami'a ruwa ma wuta ne, tunda sai an kunna inji ya hau tanki. Famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da sama da lita dubu goma a shekara, jarka mai lita 25 fiye da ɗari huɗu, kuma sau da yawa 'yar robar ciki ce kawai ta cinye. Amma babbar asara ita ce tankin da ke cika ya yi ta ambaliya har ƙasan ya zama fadama, don mai kunna injin ya tafi sallah ko ya manta. Akwai ɗan abin da ake sawa a tanki mai kashe injin da kansa in ruwa ya cika, masu gyaran famfo duk sun san shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ku nemi a sa. Banɗakunan da ruwa ke tsiyaya a cikin masai dare da rana su ma a duba, in ka kasa kunne za ka ji.

Wurin alwala kuwa dukiya ce ake bari tana bin kwata. Ruwa ne mai tsabta babu sabulu, sau biyu ko uku a wuni mutane da yawa suna zubar da shi. A ja 'yar magudana ko bututu daga wurin zuwa gindin bishiyoyi, a zuba tsakuwa a bakin don kar ya kwanta sauro ya samu gida. Buta kuma ta fi sakin famfo tattali nesa ba kusa ba, kuma duk mun sani Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, in liman ya tuna wa jama'a sau ɗaya ya fi takardar sanarwa goma. Ruwan da ke ɗiga daga bayan esi, wanda ya fi yawa da damina, a tara da bokiti a ba fulawa ko a yi mofin da shi.

Mataki na biyar: takarda

Wannan ba zan ja shi ba. A saita firinta ta riƙa bugawa gaba da baya, rim ɗaya mai takarda 500 ya yi aikin biyu. Sanarwar mitin da minit a tura ta imel ko WhatsApp, a buga kwafi ɗaya na fayil. Malamai kuma a ji tausayin ɗaliban furojet, ɗalibi ya buga babi biyar an ja jan biro a shafi uku an ce ya sake bugo duka, haka sau nawa, alhali ana iya yin gyaran a kwamfuta a buga na ƙarshe kaɗai. Takardun da bayansu fari ne a tara a kwali a yi rof da su. Amma duk takardar da ke da sunan ɗalibi da makinsa ko bayanan ma'aikaci a yayyanka ta kafin ta fita, kuma tsofaffin takardun jarrabawa akwai ƙa'idar tsawon lokacin ajiye su, a tambayi jami'in jarrabawa, ba daɗi ka sayi awara a bakin get a naɗe maka a sakamakon wani.

Mataki na shida: shara

Leƙa bayan kowane gini za ka ga wajen da ake ƙona shara, ganye da leda da roba duk a haɗe, hayaƙin yana shiga aji masu asma suna tari. Hayaƙin roba guba ne. Mafita ita ce a raba tun daga tushe, kuma kar a wahalar da kai da kwanduna kala biyar irin na Turai, uku sun isa: na roba da gwangwani, na takarda da kwali, na sauran tarkace. A rubuta da Hausa da Turanci, a ɗaura samfurin abin a jikin kwandon, gora ɗaya a rataye ta fi rubutu.

Sirrin shi ne kuɗin. Robar lemo da gwangwani da kwali duk 'yan gwangwan suna saye a kilo, to a bar wa masu shara kuɗin ya zama nasu halak malak, a faɗa a mitin a rubuta. Ranar da wani babba ya ce a kawo kuɗin asusun sashe, ranar rabon shara ya mutu, ni dai haka na gani.

Busasshen ganye a haƙa rami a bayan gini a riƙa zubawa, a ɗan haɗa da kashin dabbobi da ragowar abinci ana yayyafa ruwa ana juyawa, cikin 'yan watanni ya zama takin da za a sa wa bishiyoyi. Ledar fiya wata kuma a rage ta daga tushe, a sa babbar gorar ruwa a ofis kowa ya zo da kofinsa, a mitin a kawo abinci a kula da faranti maimakon tekawe. In wani ya ce ƙaƙale ne, tuna masa cewa a watan Yunin 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya, Legas kuma ta hana farin kwanon tekawe ɗin nan mai kama da soso tun Janairun shekarar.

Akwai sharar da ba ta wasa ba ce: matattun batura masu dalma, tsofaffin kwamfutoci, da sinadaran lab. Kar a tuttula sinadari a sinki, a tara a kwalbar da aka rubuta sunansa da kwanan wata a ajiye inda ya dace har a kwashe ta hanyar da jami'a ta tsara. Batir a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho. Amma fa kayan gwamnati ne, suna cikin rajistar sito, kar kishin muhalli ya sa ka sayar da mataccen janareto ka samu kanka gaban kwamitin ladabtarwa. A rubuta wa sito da odita su zo su duba su cire shi daga littafi tukuna.

Mataki na bakwai: bishiya

Duk shekara ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, ana dasa bishiyoyi ana ɗaukar hoto, kafin watan Maris akuya da rani sun gama da su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Goma da za su rayu sun fi ɗari biyar na hoto, saboda haka kar a dasa fiye da abin da ake da ruwa da mutumin da zai kula da shi.

A jira damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami kamar ƙafa biyu faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki, a yage ledar dashen kafin a sa, a yi masa keji na waya ko ƙaya tun ranar, ba gobe ba. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Kowace bishiya a ba ta mai ita da suna, ma'aikaci ko ajin ɗalibai, wanda zai ba ta ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu a shekara biyun farko, nan ne wahalar take. Gorar roba da aka huhhuda aka binne a gefen saiwa ana cika ta tana rage yawan zirga-zirga.

Darbejiya tana saurin girma ga jure fari, maɗaci ya fi jinkiri amma inuwarsa ta shekaru ce, tsamiya sai mai haƙuri, mangwaro da gwaiba a kai su kusa da ruwan alwala, zogale kuma ko a bayan ofis ya yi. Bishiyar turare tana da shan ruwa, a nisanta ta da rijiya da gini. A dasa ta yammacin gini don ta tare ranar la'asar, shi ma rage aikin esi ne, amma ba a jikin bango ba, ba kan sokawe ba, ba ƙarƙashin wayar wuta ba. Irin dashe kuwa a fara tambayar tsangayar aikin gona ko sashen gandun daji na jami'arku, ko ma'aikatar muhalli ta jiha.

Mataki na takwas: a kai maganar sama, da lissafi

Bayan zango ɗaya kuna da abin nunawa, sai a rubuta memo shafi ɗaya ta hannun shugaban sashe zuwa din, wato shugaban tsangaya, a ba daraktan ayyuka da basa kwafi. Kar a cika shi da zancen ɗumamar yanayi da muradun nan 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun san su. A rubuta ga abin da muka tarar, ga abin da muka yi ba da kuɗi ba, ga abin da ya ragu, ga abu uku da muke roƙo da farashinsu da watannin da za su mayar da kuɗinsu. Na farko a jerin ya zama mita ta ginin, in babu. Na biyu a roƙi duk sabon sayayya a rubuta a takardar kwangila cewa esi mai inbata ake so da fitilar LED, don ɗan kwangila abin da aka rubuta masa yake kawowa, in ba a rubuta ba mafi arha zai ɗauko.

A jawo ɗalibai ciki, ɗan injiniyan lantarki ya yi furojet ɗinsa a kan wutar da gininku ke sha, ɗan jogarafi ya zana taswirar bishiyoyin harabar, ɗan kimiyyar sinadarai ya auna ruwan bohol, sun samu maki kun samu bayanai kyauta. In shugabanni masu son a ga sunan jami'a a jeri ne, to a nuna musu UI GreenMetric da Jami'ar Indonesiya ta fara a 2010, wanda ke jera jami'o'in duniya a kan wuta da ruwa da shara da sufuri, cike fom ɗinsa kaɗai zai tilasta a fara ajiye alƙaluma. Zancen sufuri kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba sai an yi wa kowa wa'azi ba, 'yan unguwa ɗaya su haɗu a mota ɗaya a yi karo-karon mai, ƙungiyoyinmu, ASUU da SSANU da NASU da NAAT, su matsa a gyara bas ɗin ma'aikata.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne dogon hutu da yajin aiki, wanda kowa ya san yana iya faɗowa ba shiri ya kuma ɗauki watanni, na 2022 wata takwas ya yi. A tanadi takarda ɗaya tun yanzu a manna a bayan ƙofar ofishin sakatare: waɗanne makunnai za a sauke a babban akwatin wuta, wane firij ne ba a kashewa, ina ake rufe ruwan ginin, wa zai riƙa leƙa batiran sola, wa zai ba bishiyoyi ruwa kuma daga ina za a ba shi ɗan na goro. A ba mai gadi kwafi ɗaya, shugaban sashe ɗaya, ɗaya kuma a sa a fayil ɗin miƙa aiki don wanda zai gaje ka.